Yadda ake bin sawun kakan da ya yi gadin dare ko aikin kashe gobara a arewacin Kamaru da Chadi

A gidaje da yawa na Hausawan Garwa, Marwa, Ngaundare da Kusuri, abin da ya rage na tarihin wani kaka bai wuce magana guda ba: "mai gadi ne", ko "a wajen 'yan kwana-kwana ya yi aiki". Wanda ya ɗauki wannan magana ya nufi ma'adanar takardun gwamnati da ita kai tsaye, wahala kawai zai sha. Kalmar gadi a bakin tsofaffinmu ta haɗe ayyuka wajen shida, kuma kowane ɗaya wurin da yake barin sawu daban ne. Saboda haka tambayar farko ita ce: wa ke biyansa? In ka samu amsarta, ka san ƙofar da za ka buga.

Mataki na farko: ware irin gadin

Dogarin fada shi ne mafi tsufa. Yana ƙarƙashin Lamiɗo ko Sultan, yana tsaron ƙofar fada, yana kamo mai laifi, yana rakiyar karɓar haraji, da dare kuma yana zaga gari. Ba a cika biyansa albashin wata ba. Abinci, sutura, wani lokaci doki ko gona, su ne ladarsa. Don haka da wuya ka tarar da sunansa a takardar albashi. Sawunsa na bakin mutanen fada. A Chadi masu tsaron sarakuna da hakimai ana ce musu gumiye, a takarda za ka ga an rubuta goumier.

Na biyu mai gadin kasuwa da zango. Fatake sun sauke goro, kanwa, fata da tufafi, dole a samu mai kwana a kai. Wannan Sarkin Kasuwa, Sarkin Zango ko su 'yan kasuwar ne ke haɗa masa kuɗi. Shi ma babu takarda.

Na uku mai gadin kamfani. A nan ne takarda ke fara bayyana. Tashar jiragen ruwa ta Garwa a bakin Binuwai, wadda a wancan zamani ke aiki 'yan watannin da ruwa ya cika, tana da manyan ɗakunan ajiya da ke buƙatar tsaro shekara zagaye. Haka kantunan SCOA da CFAO, da masana'antun gurzar auduga: Cotonfran a Chadi, wanda ya koma Cotontchad a 1971, da CFDT a arewacin Kamaru, wanda Sodecoton ya gada a 1974. A wannan shekarar ce kuma jirgin ƙasa ya iso Ngaundare, tashar ta ɗauki masu gadi da dama.

Na huɗu mai ɗamarar gwamnatin mulkin mallaka, wanda mutanen gari ke kira gardi ko gadi alhali kusan soja ne: yana da lamba, yana da bindiga, yana kwana a bariki. Na biyar mai gadin gidan Bature ko gidan attajiri. Na shida 'yan sintirin unguwa, aikin sa kai, wanda ba sana'a ba ce sam.

Mataki na biyu: zama da tsofaffi

Nemi mutum uku aƙalla, kuma kada ka haɗa su zama ɗaya. In aka haɗa su, babban cikinsu ne zai yi magana sauran su ce haka ne. Kada ka tsallake mata. Goggo ko Inna ta fi sanin lokacin da yake fita da lokacin da yake dawowa, domin su ke ajiye masa tuwo. Zama kada ya wuce minti arba'in zuwa awa ɗaya, ka nemi izini kafin ka kunna na'urar ɗaukar murya a wayarka, ka je da goro ko ɗan sukari da ganyen shayi kamar yadda aka saba.

Tambayar "wane aiki Kaka ya yi?" ba ta haifar da komai, amsar da ka riga ka sani za a maimaita maka. Tambayi abin da ido ya gani:

"Goggo, in zai fita da dare me kuke gani a hannunsa? Kulki ne, mashi, kwari da baka, ko bindiga?"

"Kawu, rigar aikin nan ba shi aka yi ko tasa ce? Wane launi? Da jar dara yake sa ta ko da rawani?"

"Baffa, ƙarshen wata ina yake zuwa karɓar kuɗi? Dangwala yatsa yake yi a littafi ko a hannu ake miƙa masa?"

"Da ya tsufa akwai kuɗin da yake zuwa karɓa? A wane ofishi?"

Tambayar ƙarshen nan ta fi sauran daraja. Fansho ba ya samuwa sai da fayil, fayil kuma yana da lamba. In aka ce yana zuwa karɓar kuɗin tsofaffin sojoji, to kafin ya zama mai gadi ya yi soja. Hakan ya faru da yawa: a yaƙin duniya na biyu Chadi ta bi Faransa mai 'yanci, wato ɓangaren Janar de Gaulle, ranar 26 ga Agusta 1940 ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, Kamaru ta biyo baya washegari, aka kwashi samari zuwa yaƙi, waɗanda suka dawo kuma da damansu gadi da masinjan ofis suka samu.

Wajen albashi akwai tarkon da mutane ke faɗawa. Tsoho ba ya lissafi da faranka, da dala yake yi, dala ɗaya kuwa faranka biyar ce. Haka riyal a Larabcin Chadi. In aka ce maka albashinsa dala ɗari huɗu, faranka 2,000 ke nan. Rubuta yadda aka faɗa da yadda ka juya, dukansu biyu. Irin kuɗin ma yana nuna zamani: wanda aka biya da kuɗin Jamus ya yi aiki kafin 1916, sefa kuwa sai daga ƙarshen 1945.

Mataki na uku: ɗaure labari da shekara

Tsofaffi ba su riƙe shekarun Nasara, amma suna riƙe abin da ya girgiza gari. Da shi za ka auna. Jamusawa sun ci Garwa a 1901, Marwa a farkon 1902. Sun miƙa wuya a Garwa a watan Yuni 1915, na dutsen Mora suka daure har Fabrairu 1916. An kashe Rabe, mayaƙin nan da ya ci Borno, a Kusuri a 1900, a shekarar aka kafa Fort-Lamy, wadda ta koma Njamena a 1973. Kamaru ta sami 'yanci 1 ga Janairu 1960, Chadi 11 ga Agusta na shekarar. An yi babban kusufin rana 30 ga Yuni 1973. An kashe shugaban Chadi Tombalbaye a 1975. Yaƙin Njamena na 1979 da 1980 ya koro jama'a suka ƙetara zuwa Kusuri. Shugaban Kamaru Ahidjo ya sauka daga mulki a 1982. Sai ka tambaya: lokacin da mutanen Njamena suka ƙetaro, yana aikin ko ya bari? Da tambayoyi biyu ko uku irin wannan za ka matse shekarun aikinsa zuwa cikin shekara biyar.

In ka samu kwanan wata na Hijira a bayan Alƙur'ani ko a wasiƙar ajami, ninka shekarar da 0.97 ka ƙara 622. Shekarar 1380 za ta ba ka 1960. Kuskuren ba ya wuce shekara ɗaya.

Mataki na huɗu: akwatin gida

Kafin ka kashe kuɗin mota, buɗe tsohuwar adaka ko akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon tsohuwa. Abin nema: tsohon katin shaida, takardar haraji, littafin aiki, takardar albashi, katin asusun fansho, littafin soja, lambar yabo, takardar sallama, da hoto. Har usur, maɓallin riga na ƙarfe da kan ɗamara suna da amfani, domin wasu na ɗauke da tambari.

Ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, a inuwa, a shimfiɗe, ba tare da hasken waya ba. Kada ka manna yagaggiya da salatif, gam ɗinsa yana cin tawada. Kada ka kai a rufe ta da roba mai zafi. Ba ta sake fitowa, kuma akwai ofisoshin da ba su karɓar takardar da aka yi wa haka. Sa kowace a ambulan nata, ka ɗaga daga ƙasa saboda gara da laima.

A kowace takarda kwafe abu huɗu: yadda aka rubuta sunan harafi-harafi, lambar da ke gaban kalmar matricule, sunan ofishi ko kamfani, da kalmar da ke gaban profession. Wannan kalmar ta ƙarshe ita ce ke yaudarar mutane, don haka a tsaya a kanta.

Gardien, gardien de nuit da veilleur de nuit su ne mai gadin dare na gaskiya. Sentinelle ma ana amfani da ita ga mai gadin gida ko ofis. Amma gardien de la paix ɗan sanda ne. Gardien de prison gandiroba ne. Garde régional ko garde territorial mai ɗamarar gwamnati ne. Garde-chasse da garde forestier masu tsaron daji ne, kamar na gandun Waza ko Zakuma, kuma su kan yi fama da wutar daji, shi ya sa wasu iyalai ke tuna su a matsayin masu kashe wuta. Planton masinja ne mai zaman ƙofar ofis da rana. Manœuvre lebura ne, sai dai kamfanoni kan rubuta mai gadi a wannan aji don shi ne mafi ƙarancin albashi, saboda haka ganin wannan kalma ba ya ƙaryata maganar Goggo. A takardun Jamus mai gadin dare Nachtwächter ne.

Ta ɓangaren wuta tarkon ya fi zurfi. Pompier ko sapeur-pompier shi ne ɗan kwana-kwana. Pompiste mai zuba mai ne a gidan mai, harufa kaɗan suka raba su, kuma a tsohuwar takarda da ta dushe abu ne mai sauƙi a karanta wannan a matsayin wancan. Chauffeur ba kullum direba ba ne. A jirgin ruwa mai aiki da tururi ko a masana'anta, shi ne mai zuba itace a tukunyar wuta. Idan kuma aka ce "aikin wuta ya yi", bincika ko kamfanin lantarki ake nufi.

Hoto yana da nasa karatun. Juya bayansa, sau da yawa akwai hatimin mai ɗaukar hoto da sunan gari. Jar dara a hoto marar launi baƙa take fitowa. Gajeren wando da riga kaki, jar dara da ɗamara mai faɗi alamar mai ɗamarar gwamnati ce. Babbar riga da rawani da takobi ko bulala alamar fada ce. Tsohuwar kwat ɗin soja a kan kayan gida, da kulki da tocila, wannan mai gadin kamfani ne ko na gida. Kada dai ka yanke hukunci da hoto kaɗai, ana aron kaya don a ɗauki hoto tun da can.

Mataki na biyar: batun 'yan kwana-kwana

A nan ya kamata a yi wa kai gaskiya. A yawancin garuruwanmu kashe gobara bai zama sana'a ba sai daga baya-bayan nan. Gari na jinka da zana, in hunturu ya kama iska na kaɗawa, wuta ɗaya tana iya lashe unguwa. Mai gadin dare ko dogari ne ke fara gani ya yi kururuwa, a buga ganga, maza su fito da guga da tulu, mata na miƙo ruwa, 'yan garuwa su juye abin da ke kafaɗarsu, a watsa ƙasa, a yaye jinkar ɗakunan da ke gaban wutar don ta rasa abin ci, a fara ceton rumbu. A bariki kuma masu ɗamara da fursunoni ake turawa. Mutumin da ya yi suna wajen hawa kan ɗaki yana yaye jinka, jikokinsa za su ce ɗan kwana-kwana ne, kuma ba ƙarya suka yi ba, illa dai babu ofishin da ya taɓa rubuta shi da wannan suna.

In shekarun da ka auna sun faɗa bayan yaƙin duniya na biyu, wurare huɗu ne za ka duba. Ofishin magajin gari, wato meri, domin motar kashe gobara ta gari a hannunsa take, masu aiki da ita kuma ma'aikatansa ne. Filin jirgin sama, inda hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ASECNA, wadda aka kafa a 1959, ke da nata masu kashe gobara da nata fayilolin ma'aikata. Masana'antar auduga, domin auduga da wuta ba sa ga maciji, kuma a can mai gadi ɗaya kan haɗa gadi da kula da famfon kashe wuta. Sai rundunar 'yan kwana-kwana ta ƙasa a Kamaru, wadda aka kafa a 1986. Su sojoji ne a ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, don haka fayil ɗinsu na hannun soja. Wanda ya bar aiki kafin 1986 kada ka neme shi a can.

Mataki na shida: ƙofar da za a buga

In dogari ne ko mai gadin kasuwa, fada za ka je, kuma ba a faɗa wa fada kai tsaye. Bi ta hannun mai unguwa ko Sarkin Hausawa, shi zai sada ka da Sarkin Dogarai ko wani dattijon bafade. Je da sunan kakan, laƙabinsa, sunan mahaifinsa da sunan Lamiɗon da ya yi wa aiki. Laƙabi ya fi sunan yanka tasiri a nan, da shi aka san shi. Maroƙan fada ma suna riƙe sunaye a kirari. Ka saurara, amma ka tuna aikinsu yabo ne. Littafin alƙali na iya ambatonsa a matsayin wanda ya kamo ɓarawo ko ya ba da shaida.

In ma'aikacin kamfani ne, fara da asusun fansho na CNPS, akwai shi a ƙasashen biyu, na Kamaru an kafa shi a 1967. Da lambar rajistarsa aikin na da sauƙi, ba tare da ita ba sai ka kai cikakken suna, kamfani da shekaru. Dokar ƙwadago ta ƙasashen da Faransa ke mulka ta fito ne a Disamba 1952, daga nan ne rajistar ma'aikata ta fara kankama. Wanda ya yi gadin kanti kafin wannan lokaci, ka rage sa rai.

In mai ɗamarar gwamnati ne, akwai ofishin gunduma inda ya yi aiki, da ma'adanar takardu ta ƙasa a Yawunde, wadda ke riƙe da takardun zamanin Jamus da na Faransa, da reshenta na Buea. Jaridar gwamnati, Journal officiel, tana buga ɗaukar aiki, ƙarin girma, canjin wuri da kora da suna da lamba; ta Kamaru daban, ta Chadi kuma kafin 'yanci tana cikin ta tarayyar AEF, wato ƙasashen tsakiyar Afirka da Faransa ke mulka, mai hedkwata a Barazabil. Ana samun tsofaffin fitowarta a intanet a shafin Gallica na ɗakin karatun ƙasar Faransa, kyauta. Takardun Chadi da yawa sun salwanta a yaƙin Njamena, shi ya sa ma'adanar takardun mulkin mallaka da ke garin Aix-en-Provence a Faransa ke cike giɓi. Sai dai rajistar haihuwa da mutuwa da ta sa a intanet galibi ta Turawa ce, kada ka ɓata dare kana neman Kaka a ciki. Fayil ɗin tsohon sojan Faransa yana cibiyar ajiyar takardun sojoji da ke garin Pau. Ana rubuta musu da Faransanci, a haɗa da shaidar rasuwarsa da shaidar dangantakarka da shi.

Duk ofishin da za ka, tafi da rubutacciyar buƙata mai kan sarki, kwafin katinka, da kwafin takardun, ba na asali ba. Ka tabbatar a buɗe wurin yake kafin ka hau mota, ma'adanar takardu kan rufe tsawon lokaci don gyara.

Inda bincike ke karyewa

Suna shi ne babba. Akawun da ya rubuta ba Bahaushe ba ne, yadda kunnensa ya ji ya rubuta. Muhammadu zai fito Mohamadou, Mahamat, Mamadou ko Hamadou. Abubakar zai fito Aboubakar, Abakar, Boukar, Bouba ko Garba. Usman zai fito Ousmanou ko Ousmane, Yusuf kuma Youssoufa ko Issoufou. Inda muke sa u su suna sa ou, inda muke sa j suna sa dj, c kuma tch. Sau da yawa ana liƙa wa mutum Haoussa ko sunan garin da ya fito a madadin sunan uba, kuma a ƙarƙashin wannan Haoussa ɗin har da Barebari da Nufawa da duk wani Musulmi ɗan kasuwa da ya zo daga yamma. Rubuta duk sigogin a takarda ɗaya, ka nemi kowace. Da wanda ya shiga soja da sunan ɗan'uwansa, da wanda ya sauya suna don haraji, duk akwai su. Lamba ce ba ta sauyawa, ita ke tabbatar maka mutum ɗaya ne a takarda biyu.

Shekarar haihuwa ita ma ba abin jingina ba ce. In ka ga né vers kafin shekara, ma'anarsa "an haife shi wajen", kintace ne da ido. Takardar haihuwar da kotu ta bayar daga baya, jugement supplétif, sau da yawa an rage ko an ƙara shekaru a cikinta don a samu aiki. Bambancin shekara biyar zuwa goma tsakanin takardu biyu bai isa ya sa ka ce mutum biyu ne ba. Sunan uwa da garin haihuwa sun fi shekara riƙe gaskiya.

Sai iyaka. Wanda aka ce ya yi aiki "a Kamaru" yana iya zama a Mubi, Gwoza ko Dikwa, yankin da Ingila ta riƙa wanda ya shiga Najeriya a 1961. In a labarin an ambaci ɗan doka, ko En'e, ko sule da fam, takardunsa na ma'adanar Kaduna, ba Yawunde ba. Haka sunayen garuruwa: Kusuri a takardun Faransa Fort-Foureau ce, Sarh kuma Fort-Archambault.

Akwai kuma kunya. Wasu iyalai na ɗaukar gadi ƙaramin aiki, sai su mayar da shi soja. Wasu dogarai kuma asalin shigarsu fada ta hanyar bauta ce, abin da ba kowane gida ke son a tono ba. In ka ga tsoho ya kawar da kai ya shiga wata hira, kada ka matsa. Rubuta cewa a nan aka yi shiru, ka koma bayan mako biyu ta bakin wani.

A littafin bincikenka raba kowane shafi gida uku: abin da takarda ta nuna, abin da aka faɗa maka tare da sunan wanda ya faɗa da ranar, da abin da kai ka kintata. Kada ka bari na uku ya ƙetara zuwa na farko sai ka samu shaida biyu da ba daga baki ɗaya suka fito ba. Ka ba wani ɗan'uwa da ke wani gari kwafin muryoyin da hotunan takardun, ka kuma tura wa kanka ta imel, don waya na faɗawa ruwa.